Allon Kwamfutar Auwalu

"Ki kawo kowa, Zuhura. Ko talaka ne wanda bai aje komi ba, in dai shina salla na yarda. Amma ban da Nuraddini."

Inna Tasalla ba ta ko ɗago kai daga tankaɗen da take yi ba. Yadda ta fitar da sunan daga bakinta kamar mai tofar da ƙayar kifi, shi ya fi yi wa Zuhura ciwo.

"Inna, ajali ne fa. Baba ma ya ce ajali ne."

"Ban ce ba ajali ba ne. Amma su biyu sunka hau mashin ɗin, shi yat tuƙa. Shi ya dawo da ƙafafunai, ɗan tsohuwa kuwa cikin bargo anka kawo min shi. In na ba shi ke, duk randa ya shigo gidanga gaisuwa bargon nan za ni gani."

Ɗan tsohuwa shi ne Auwalu, yayan Zuhura, ɗan farin Inna. A wajenmu sunaye uku ba sa fita daga bakin mace mai kunya: na mijinta, na ɗanta na fari, da na surukinta, mijin ɗiyarta. Inna kuwa Bafulatanar Birnin Tsaba ce, ta riƙe abin har ya so ya wuce misali. Ana yaye Auwalu aka kai wa kakarsa shi, ya girma can. Ko gaishe ta ya zo yi, bango take kallo ta amsa. Ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, balle a kai ga hira.

Ranar da aka kawo gawarsa, bara da damina, mata suna ta kururuwa a tsakar gida, ita madafa ta shige ta hura wa 'yan zaman makoki wuta. Mutanen Zurmi suka yi ta cewa Tasalla akwai dauriya. Zuhura kaɗai ta san tun daga ranar uwarta ba ta sake cin tuwo ta ƙoshi ba.

Nuraddeen kuwa aminin Auwalu ne, ɗaki ɗaya suka zauna lokacin suna karatu a Poli ta Ƙaura. Auwalun ne ma da kansa ya haɗa shi da ƙanwarsa, yana tsokanar su wai shi ba zai karɓi tukuici ba sai rago. A da Inna tana son yaron, har fura takan dama masa daban. Shanu ne suka ratso musu titi a wata kwana tsakanin Ƙaura da Zurmi, komai ya ƙare a nan.

Baba Maitama, mahaifin Zuhura, ya gama tasa maganar tuntuni. Ya ce shi bai riƙe yaro da komai ba, amma ba ya aurar da ɗiya a kan baƙin cikin uwarta. In Tasalla ta yarda, ya yarda.

Zuhura ta share hawayenta da gefen hijabi.

"Inna, ni ba yarinya ba ce. Na gama karatu, ina koyar da 'ya'yan wasu. Ban taɓa saɓa miki ba, kuma ba zan fara yau ba. Amma wallahi in ba shi ba, sai dai in tsufa a ɗakin nan."

"To ki tsuhwa. Gidan ubanki ne, ba mai korar ki." Ta kakkaɓe rariya. "Ga Jabiru nan, mi ar aibunai?"

Gaskiya Jabiru, wanda shi ma yake neman auren Zuhura, ba shi da aibu. Ɗan kasuwar hatsi ne a Shinkafi, yana da mota, yana da fara'a, hannunsa a buɗe. Abu ɗaya ne dai, mutum ne da ya yi imani duk abin da ya lalace a duniya akwai sabonsa a kanti. Zuwansa na ƙarshe ya ji labarin kwamfutar Auwalu, 'yar tafi-da-gidanka, wadda ta faɗi tare da su a hatsarin. Wani ne ya tsinto ta a bakin titi ya kawo. An jona ta sau ɗaya, ta yi ƙara amma allon bai kawo ba, Inna ta naɗe ta cikin zane ta tura ƙasan akwati.

"Inna, a ba ni ita," in ji Jabiru daga bakin ƙofa. "Akwai yarana Kano da ka sayen matattu suna cire kayan ciki. Sai in cika in sawo ma Zuhura sabuwa hil a kwali. Ajiye ta ba abin da zai ƙara miki sai tunani."

"Ɗauke ta, Jabiru. Ranar Alhamis in ka tashi kasuwa ka biyo ka amsa. Tunda gilashin ya mutu, mi ar rage ciki?"

Haka kowa a gidan ya ɗauka. A ganinsu kwamfuta kamar madubi ce, in fuskar ta tafi an gama.

Da Zuhura ta gaya wa Nuraddeen a waya, nan take muryarsa ta canza. Shi yana kwance a asibiti aka yi jana'iza, kuma duk zatonsa mota ta bi ta kan kwamfutar.

"Zuhura, kar ki bari ta bar gidan nan. Ko ta wane hali ki kawo min ita."

Ga shi yau Alhamis ɗin ce.

Inna tana ɗaukar garinta ta nufi madafa, Zuhura ta faɗa ɗaki. Ba ta taɓa buɗe akwatin uwarta ba tunda take. Ta ɗaga zannuwa, ta zaro ƙunshin, ta sa a leda saboda hadarin da ke haɗuwa gabas, ta rungume shi cikin hijabi. Ta ce a ranta, in sata ce wannan, Allah Ya ga dalilinta.

A tasha sai da ta jira motar mata ta cika, don tun zuwan Shari'a ɗan kabu-kabu ba ya ɗaukar mace, kuma ba a cakuɗa a mota. Da suka zo kwanar nan ta rufe ido, ta ƙara matse ledar a ƙirjinta har suka wuce.

Shagon Nuraddeen yana kusa da tashar jirgin ƙasa, ɗan ƙarami, cike da matattun rediyo da wayoyi da kwamfutoci. Yana hango ta ya miƙe yana ɗingishi, don ƙafar ba ta koma daidai ba. Bai ce ta shigo ba. Ya jawo teburinsa har bakin ƙofa inda duk mai wucewa zai gan su, ya ajiye mata benci a waje.

"Sannu da hanya, Malama. Inna ta sani?"

"Da ta sani da ka gan ni?"

Ya so ya yi dariya, amma da ta warware zanen sai dariyar ta maƙale. Kusurwa ɗaya ta murfin ta lotsa, kuma har yanzu akwai jar ƙasar titin a cikin tsagar. Ya sa yatsa ya taɓa wurin. Ya daɗe a haka.

"A bayansa take rataye," ya ce a hankali. "Ni na ce ya ba ni in sa a gaba, ya ce wai ban iya riƙon amarya ba."

"Nura, in ba za ka iya ba..."

"Zan iya. Yau ko hannuna zai karye sai na iya."

Ba wuta a unguwar, kamar kullum. Ya tayar da ɗan janaretansa, ya jona caja, ya danna. Wata 'yar koriyar fitila ta kama, fanka ta fara juyawa a ciki. Ya kara kunnensa a jikinta yana saurare kamar malamin asibiti. Can ta yi 'yar waƙar da takan yi in ta gama tashi. Allon kuwa baƙi ƙirin.

"Ka gani ko?" in ji Zuhura, idonta ya kawo ruwa. "Haka ta yi a gida."

"Kin ji waƙar nan? Matacciya ba ta waƙa. Cikinta lafiya lau, abin da ya rage mu gane ko gilashin ne ya fashe ta ciki, ko wayar da ke kai masa hoto ce ta tsinke, ko kuwa haske ne kawai babu."

Ya karkata allon ga rana yana dubawa. Babu tsaga, babu irin tabon nan mai kama da tawadar da ta zube. Ya buɗe murfin ya rufe a hankali ko hoto zai ɗan gilma, bai gilma ba. Sai ya jawo tocila daga aljihun tebur, ya cire hularsa ya yi wa allon inuwa da ita.

"Matso da bencin. Kar ki kalli hasken, ki kalli ƙarƙashinsa."

Ya manna tocilar a gefe, haskenta ya kwanta a kan gilashin. Da farko ba ta ga komai ba sai fuskarta. Sannan a hankali wani abu ya fito can ciki, dishi-dishi, kamar abu a ƙasan randa. Bayan wata mace ce a sunkuye. Ya ja tocilar ƙasa. Zane mai ɗigon ganye. Zuhura ta dafe baki.

"Zanen Inna ne wannan."

"Ita ce. A bakin murhu."

Ya ja hasken zuwa dama. Wani dogon mutum yana tsaye bayanta da ɗan tazara, ya harɗe hannu, duk haƙoransa a waje.

Zuhura ta kifa kai a gwiwa ta fashe da kuka, ba ta damu da masu wucewa ba. Nuraddeen bai hana ta ba. Shi ma ya juya yana gyara abin da bai lalace ba a kan kantar shagon.

"Ni na ɗauka," ya ce bayan ta ɗan lafa. "Da ƙaramar Salla, da kyamarar aro. Ya ce, Nura, matar nan har abada ba za ta tsaya hoto da ni ba, zan laɓaɓa bayanta, kai kuwa ka danna kafin ta juyo. Shi ya sa a fuskar kwamfutar. Kullum ya kunna ita yake fara gani, har gaishe ta yake yi, wai a nan dai ba ta kallon bango."

"Kuma ba ka taɓa gaya min ba?"

"In gaya miki abin da na zaci ya tafi? In ƙara miki wani rashin?"

Ta goge fuska ta gyara zama. Kukan ya tafi, wani abu mai tauri ya zauna a wurinsa.

"Gyara ta. Jabiru zai zo ɗauka bayan la'asar. Ina so Inna ta gani kafin ya zo."

"Hoton yana nan, gilashi lafiya, waya lafiya. Haske ne babu. Abu biyu ne ke kawo haka, bari mu gani wanne ne."

Ya kashe ta, ya zare caja da batir. Da bakin allura ya ɓanɓare 'yan robobin da ke kusurwoyin allon, ya kwance kusoshin da ke ƙarƙashinsu yana jera su cikin murfin kwalba. Ya ɗauko tsohon katin waya ya zura a tsagar, yana bi a hankali, firam ɗin da ke kewaye da gilashin yana ɓallewa ƙas, ƙas.

A ƙasan gilashin akwai wani ɗan siririn faranti kore mai tsawon yatsa.

"Wannan shi ake kira infata, shi ke ba fitilar da ke cikin allon wuta. Allah Ya sa shi ne, don shi sauƙi gare shi."

Ya shiga ciki ya fito da wata kwamfutar, iri ɗaya sak da ta Auwalu, sai dai ita ba lotsa.

"Tawa ce. Rana ɗaya muka saye su a Kano, 'yan hannu, a wurin mutum ɗaya."

Ya kwance ta ita ma, ya ciro nata infatan ya sa a ta Auwalu, ya kunna. Fanka ta juya, waƙa ta tashi, allo baƙi. Ya sake kashewa, ya kwance gilashin gaba ɗaya ya ɗago shi da hannu biyu, ya kai kunne ya ɗan girgiza. Wani abu ya yi ƙara a ciki, siriri, kamar tsakuwa a gwangwani.

"Fitilar ce. Tana kwance a gindin gilashin, siririya kamar tsinken tsintsiya. Faɗuwar ta karya ta."

"Akwai ta a nan Ƙaura?"

"Ko Gusau sai an dace. Sai Kano."

Zuhura ta dubi sama. Rana ta riga ta karkata, an kusa kiran azahar. Ta ce, "To in kai mata haka, da tocila. In haska mata."

"Idon Inna ba zai gani ba. Ke ma sai da kika wahala." Ya jawo tasa kwamfutar gabansa, ya ɗauki sukudireba. "Gilashin tawa zan sa mata."

"A'a, Nura. Da ita kake cin abinci. Da ita kake yi wa mutane aikin wayoyinsu."

"Zan jona ta da wancan ƙaton allon na kan kantar shago, ai ba yawo take zuwa ba."

"In Inna ta gani kuma ta ce duk da haka ba ta yarda ba fa? Ka yi biyu babu."

Ya ajiye sukudireban ya dube ta sosai, abin da ba ya yawan yi.

"Zuhura, ina son ki, kin sani, duk Ƙaura ta sani. Amma wannan ba toshi ba ne. Ko gobe za a ɗaura miki aure da Jabiru sai na gyara ta. Na ɗauko mata ɗa ban kai mata shi gida ba. Wannan ɗin dai zan kai."

Ta kawar da kai, ta bar shi ya yi aikinsa.

Ya yi salla ya dawo ya zauna. Ya zare siririyar wayar da ke bayan gilashinsa, ya ɗauke shi ya kwantar a murfin Auwalu. Lotsawar kusurwar ta hana shi zama daidai, sai da ya sa filaya ya miƙar da ƙarfen a hankali, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Wajen mayar da wayar ya yi bisimilla, ya saita ta. Ta shige.

Ya danna. Allon ya yi fari, ya yi shuɗi, sannan tsakar gidansu ta cika shi tar, har hayaƙin murhu ana gani. Auwalu yana dariya cikin shaddarsa ta Salla.

"Alhamdu lillahi," in ji Nuraddeen, ya jingina da bango kamar wanda ya sauke buhu.

Ya mayar da firam da kusoshi da robobin. Batirin Auwalu ya daɗe da mutuwa, don haka ya ciro nasa mai caji ya sa mata, ya ce ba a dogara da wutar Zurmi. Yana naɗe ta cikin zanen ya ce:

"Ki saurare ni da kyau. In kin kunna, ki aje ki fita. Kar ki tsaya, kar ki leƙa. Matuƙar akwai ido a kanta Inna ba za ta kalla ba, ko da ranta zai fita."

Ya fara rufe shago.

"Ina za ka?"

"Zurmi. Ni na ce ki ɗauko, ba ke kaɗai za ki sha faɗan ba. Ki shiga taku motar, ina bayanku."

Sun makara. Tun daga bakin layi Zuhura ta hango motar Jabiru a ƙofar gida, da ragowar buhuna a baya. A zaure ta tarar da shi zaune da Baba Maitama. Ta durƙusa ta gaishe su. Kafin ta miƙe Nuraddeen ya yi sallama, ya shigo ya tsuguna can gefen takalma. Rabonsa da zauren nan tun zuwansa ta'aziyya da sanda.

Jabiru ya dubi ƙunshin da ke hannunta, ya dubi Nuraddeen, ya yi murmushin da bai kai ciki ba.

"Haba Zuhura, in gyara kike so ai sai ki hwaɗa min. Mi za a yi da tsohon abu?"

"Shiga ciki," in ji Baba. "Uwarki ta buɗe akwati."

Inna tana tsaye a tsakar ɗaki, zannuwa a warwatse a kan gado. Zuhura ba ta taɓa ganin idonta haka ba.

"Ni kika yi ma sata?"

"Inna, ki yafe min."

"Wurin wa kika kai ta? Wurin Nuraddini? Shi kika kai ma ita ya sa hannunai? Bai ishe shi ba?" Ba ta ɗaga murya ba, saboda maza a zaure. "Abu guda da yar rage min, Zuhura."

"Abu guda da ya rage miki shi za ki ba Jabiru a kai Kano a farke?"

Inna ta zauna a bakin gado kamar an tura ta.

"Ba ni iya buɗe akwatin nan," ta ce can ƙasa. "In na ɗauko zane sai na taɓa ta. Na ce ko in ta bar gidan in samu barci."

Zuhura ta durƙusa a gabanta, hawaye suna zuba ba ta share ba.

"Inna, ki yi min duk hukuncin da kika ga dama. In kin ce Jabiru, ba zan yi miki gardama a gaban mutane ba, sai dai in yi ta roƙon ki har ki gaji. Amma akwai saƙon Yaya a cikin abin nan, kuma naki ne, ba nawa ba."

Ta warware zanen, ta ɗora kwamfutar a kan kujera 'yar tsugune, ta danna. Tun kafin haske ya kawo Inna ta riga ta juya fuskarta ga bango, kamar yadda ta saba yi in ya shigo gaisuwa.

"Kashe abin ga."

Zuhura ta miƙe. Duk jikinta yana so ta tsaya, ta kama kafaɗar uwarta ta juyo da ita. Amma ta tuna maganar Nuraddeen. Ta fita, ta saki labule, ta ja ƙyaure, ta tafi can gindin turmi ta zauna ta ba ɗakin baya.

Shiru. Kaji suna ta tonon bakin rijiya. Hadarin da ya wuni yana haɗuwa ya fara sako iska mai sanyi. Zuhura ta yi ta salati tana jiran ta ji ƙarar an wurgo kwamfutar waje.

Can ta ji muryar Inna, ƙasa ƙasa, tana gwada kalmar kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya.

"Auwalu."

Sai kuma ta sake, da ƙarfi kaɗan.

"Auwalu, ɗan nema. Ashe kana bayana."

Kukan da ya biyo baya, kukan shekara guda ne, har da na shekarun da suka gabace ta. Ya ratsa ƙyaure ya ratsa tsakar gida ya kai zaure, don Zuhura ta ji hirar Jabiru ta yanke. Ba wanda ya motsa. Ita ma ta toshe bakinta da hijabi tana yi.

An daɗe kafin ƙyauren ya buɗe. Inna ta fito idanu jajir, ta wanke fuska a bakin randa, ta ɗaura kallabinta daidai. Ta tsaya kan Zuhura.

"Wa yad ɗauki hoton?"

"Shi ne, Inna. Yaya ne ya roƙe shi."

"Gilashin kuma? Na san ya mutu."

"Na tasa kwamfutar ya cire ya sa. Tasa yanzu ita ce makauniya."

Inna ta wuce madafa. Zuhura tana jin ƙarar ludayi da kwanoni, ba ta san ko ta bi ta ba ko ta zauna. Ta san uwarta, kuka bai taɓa sauya mata magana ba.

"Zuhura."

Ta taso da sauri. Kwano uku ne a kan faifai, fura ce da nono. Biyu na yau da kullum. Na ukun kuwa kwanon sha ne mai murfi, wanda ke cikin jeren Inna, ba a taɓa saukar da shi don baƙo ba.

"Wanga na Malam. Wanga ki ba Jabiru, ki ce ina mai godiya, kwamfuta kuwa ta fasa tafiya Kano." Ta ɗan tsaya, ta nuna mai murfin da baki. "Wanga kuma ki kai ma... wancan."

"Wa, Inna?"

Inna ta ja gefen mayafinta ta rufe rabin fuska, ta juya ga murhu.

"Ke, ba ni son rashin kunya. Wancan na bakin ƙofa."

Faifan ya kusa suɓuce wa Zuhura. Ta riƙe shi gam, ta taka a hankali har zaure, ta durƙusa. Ta ajiye wa Baba nasa. Ta ajiye wa Jabiru nasa, ta isar da saƙon kamar yadda aka ba ta. Ya rage mai murfin a kan faifai.

Baba Maitama ya dubi kwanon, ya san daga inda aka sauko da shi.

"Wannan fa, na wa tac ce?"

Zuhura ta sunkuyar da kai.

"Ba ta faɗi suna ba, Baba."

Jabiru ya riga ya kai ludayi baki, sai ya mayar da shi cikin kwano a hankali. Ɗan ƙasar nan ne, ba ya bukatar fassara, ya san sunan suruki ne ba a faɗa. Shi tun da ya fara zuwa gidan nan Jabiru ake kiran sa, gatsau, har yau ɗin nan. Ya laluba makullin motarsa, ya ce yana so ya kai Shinkafi kafin ruwa ya sauko, ya miƙa wa Baba hannu. A bakin ƙofa ya ɗan tsaya, sannan ya miƙa wa Nuraddeen shi ma.

Baba ya jira har ƙarar motar ta yi nisa. Ya sa hannu ya tura kwanon a kan tabarma, zuwa wurin da babu kowa a kusa da shi.

"Taso daga cikin takalman nan," ya ce. "Ba nan ne wurin zamanka ba."

Nuraddeen ya taso yana ɗingishi, ya zauna. Ya kai hannu zai buɗe murfin, hannun da bai gaza ba wajen kusoshi da siririyar waya, sai ga shi ya kasa. Baba ne ya buɗe masa.